Dan Allah awa nawa ne tsakanin Kano da Jidda a jirgi? Tikitinmu ya ɗaure min kai

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah waɗanda suka saba tafiya ku taimaka min da bayani dan ni kaina ya gama ɗaurewa. Zan raka Innarmu Umara wata mai kamawa in Allah ya yarda, kuma daga ni har ita ba wadda ta taɓa fita waje, ni dai na taɓa hawa jirgi sau ɗaya zuwa Abuja shi ma kafin in gama jin tsoro har mun sauka. To ejan ɗinmu ya turo min tikiti a waya, na duba na ga an rubuta za mu tashi Kano ƙarfe 11:00 na dare mu sauka Jidda 6:30 na safe, na ƙirga da yatsa na ga awa 7 da rabi kenan. Sai na duba na dawowa, wai za mu baro Jidda 1:00 na rana mu sauka Kano 4:30 na yamma, awa 3 da rabi. Ikon Allah, hanyar ɗaya ce fa, kamfanin ma ɗaya, ta yaya zuwa zai ninka dawowa? Ko gangara ce hanyar dawowar?

Na kira ejan ɗin ya ce min "Hajiya kar ki damu duk ɗaya ne" ya kashe waya, kun san su in sun riga sun karɓi kuɗi. Na tambayi maƙociyarmu da ta je tun da daɗewa ta ce ita awa 4 da 'yan mintuna suka yi, kawun maigidana kuma da ya yi Hajji a 2023 ya rantse min shi kusan awa 7 suka yi a sama har ƙafarsa ta kumbura. Na sa yarona ya duba min a intanet ya ƙara ruɗa ni, wani wurin an rubuta 3,400 wani 2,100 wani kuma 1,850, to wanne ne nisan a ciki?

Abin da ya sa na matsa wlh ba son surutu ba ne, Inna tana da ciwon suga kuma gwiwarta ba ta son dogon zama, ina so in san ainihin awa nawa za ta yi a kujera saboda magani da abinci, kuma in san ƙarfe nawa zan ce wa ƙanina da ke karatu a can ya zo ya tarye mu. Sannan akwai wani tikitin da ya fi sauƙin kuɗi sosai amma sai an sauka Addis Ababa an canza jirgi, maigida yana cewa mu ɗauki wannan tunda ba mu gama biya ba. Ku ba ni shawara dan Allah, na gode.

Ɗan_Fagge:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, kwantar da hankalinki ba gangara ba hawa, agogo ne kawai ya yi miki wasa da hankali. Saudiyya suna gabanmu da awa 2 cif, in nan ƙarfe 12 ne can ƙarfe 2 ne, kuma su da mu duk ba ma canza agogo da rani ko damina irin na Turawa, dan haka kullum 2 ɗin nan ce. A tikiti kuma kowane lokaci da agogon garin da aka ambata ake rubuta shi, na tashi agogon inda za a tashi, na sauka agogon inda za a sauka.

To 6:30 ɗin Jidda ai 4:30 na asuba ne a Kano, daga 11:00 zuwa 4:30 awa 5 da rabi. Dawowa kuma 1:00 ɗin Jidda 11:00 na safe ne a nan, zuwa 4:30 na yamma nawa kenan? 5 da rabi dai. Kin ga ejan ɗinki bai yi ƙarya ba da ya ce duk ɗaya ne, rowar bayani kawai ya yi miki. In za ki tafi ki cire 2, in za ki dawo ki ƙara 2, shi kenan.

Ƙaninki kuma 6:30 ɗin da ke jikin takarda za ki gaya masa yadda take, kar ki ce za ki yi masa lissafi, dan ni haka na taɓa yi wa wani abokina gwaninta na cire masa awa 2, bawan Allah ya je ya zauna tun cikin dare yana ta kirana waya a kashe.

Sarkin_Yawo22:

nima naji ance dawowa tafi sauri sbd duniya tana juyawa ne ta gabas, to in jirgi ya nufo yamma sai Kano ta taho ta tarye shi a hanya, shi yasa kullum dawowa batada wahala. Allah ya kaiku lfy ya karbi ibada Hajiya asamu a addu'a

Abu_Sadiq:

Amin ya Allah. Sarkin Yawo wannan magana ta yaɗu sosai amma ba haka ba ne ɗan'uwa, iskar da jirgi ke tafiya a cikinta ai tare take juyawa da duniyar, in da haka ne da sai ka yi tsalle a Kofar Mata ka dira a Kabuga. Abin da ke sa zuwa da dawowa su ɗan bambanta iska ce ta can sama, zan zo kanta.

Maman Ilham, Ɗan Fagge ya gama miki maganar agogo, bari in ɗora daga nan tunda na yi 'yan shekaru ina aikin lissafa wa matuƙa hanya da yawan man da za su sha kafin in bari. Lambobi 3 ɗin da yaronki ya gani duka daidai ne, mudun awon ne ya bambanta, kamar a auna hatsi ɗaya da tiya a kuma auna da gwangwani. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda za ki ga an rubuta KAN a tikiti, zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda wato JED, in aka ja zare a miƙe kusan kilomita 3,400 ne da ɗan ɗoriya. Shi ne mil 2,100 da wani abu a awon Amurkawa da Ingila, shi ne kuma kusan 1,850 a mil ɗin teku, wanda shi matuƙan jirgi ke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Dan ki gane girman abin, Kano zuwa Abuja a sama bai kai kilomita 400 ba, to wannan tafiyar da kika yi kika ce kafin ki gama jin tsoro an sauka, ki jera irinta 9 ko fiye.

Manyan jiragen nan in sun daidaita a sama suna cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Ki raba 3,400 da haka za ki samu awa 4. Amma jirgi ba da wannan gudun yake tashi ba, sai ya ɗauki kamar minti 20 ko fiye yana hawa, in zai sauka ma tun daga nesa yake fara rage gudu, wani lokacin a sa shi ya yi ta kewaya saboda layi, balle Jidda da azumi ko lokacin Hajji. Kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti ba daga barin ƙasa ake fara ƙirga shi ba, daga sanda aka tura jirgin baya daga inda yake fake ne har sanda ya tsaya cak a can, duk tafiyar hawainiyar nan da yake a kan kwalta tana ciki, kamfanoni kuma suna ɗan ƙara 'yan mintuna dan kar a ce sun makara. In kika haɗa duka shi ne ake samun awa 4 da kwata zuwa 4 da rabi. To maƙociyarki gaskiya ta faɗa, haka muka san tafiyar shekara da shekaru.

Kawun maigidanki ma gaskiya ya faɗa. Miƙaƙƙiyar hanyar daga Kano sai a bi ta saman Chadi, a ratsa Sudan tun daga yammacinta har gabas, a tsallake Bahar Maliya, sai ga Jidda a bakin ruwa. Sudan ita ce tsakiyar hanyar gaba ɗaya. To ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin soja da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Dole jirage suka koma kewaye, masu bi ta kudu sai sun gangara ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya su bi ta wajen Uganda da Kenya su hau ta Habasha sannan su fito Bahar Maliya ta ƙasa, wannan kewayen shi ya mai da tafiyar awa 4 ta koma kusan 7. A shekarar ne ma kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera saboda man da za su ƙara sha, duk wanda ya yi Hajjin 2023 zai tuna surutun da aka yi a kai. Akwai kuma masu kewayawa ta arewa su faɗa ta Masar, wannan bai kai na kudun tsawo ba. Dan haka in kin ga awa 5 da rabi a naki tikitin kar ki yi mamaki, kuma shi za ki riƙe ba lissafin intanet ba, dan shafukan nan zare kawai suke ja a kan taswira su raba da gudun jirgi, ba ruwansu da wace ƙasa ake yaƙi.

Maganar iska kuma, a can sama inda jirgi ke bi akwai iska mai ƙarfi da ke gudu kamar kogi. Lokacin sanyi wadda ke ta wajen arewacin Sahara da Bahar Maliya daga yamma take busowa zuwa gabas, sai ta tura mai zuwa Jidda ta danne mai dawowa. Da damina kuma a wannan yankin namu akwai wadda ke tahowa daga gabas, sai abin ya juya. Bambancin dai na mintuna ne, 10 ko 20 ko rabin awa in ta yi ƙarfi, ba awa 4 ba.

Tunda na san wasu za su karanta daga wasu garuruwan: daga Maiduguri kusan kilomita 3,000 ne, su suka fi kowa kusa, Abuja da Sakkwato kusan 3,700, Legas kusan 4,200. In kuma Madina za a sauka kai tsaye daga Kano, wato MED, kusan 3,550 ne, bambancinsa da Jidda bai wuce 'yan mintuna ba. Makka ita ba ta da filin jirgi sam, kowa ta Jidda ko Madina ko Ɗa'ifa yake shiga.

Na Addis ɗin, Kano zuwa Addis Ababa kaɗai kusan kilomita 3,300 ne, kin ga kusan daidai da zuwa Jidda ɗin kanta kenan, sannan ki sake hawa wani ki yi 1,400 zuwa arewa, awa 2 da rabi haka. Ta Alƙahira ma haka, 3,100 sannan 1,200. Zaman kujera ya tashi kusan awa 7 ko fiye, banda jiran da ke tsakani wanda shi ne ainihin abin dubawa. Ni dai lissafi na sani, shawarar tafiya da tsohuwa sai mata.

Wani ɗan abin mamaki kafin in tafi, jiragen farko da suka taɓa sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda 3 ne na sojan Ingila, daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso tun 27 ga Oktoba suna yada zango a Sudan da Chadi. Kwana 6. Mu kuma yanzu awa 1 ta ƙaru muna ta ƙorafi.

Hajiya_Ta_Gwammaja:

Malam Abu Sadiq Allah ya saka da alheri, ni duk zuwan da nake yi sai yau na san dalilin lambobin nan. Amma 'yata Maman Ilham ki saurare ni da kyau, maza sun ba ki lissafin sama ni bari in ba ki na ƙasa dan shi ne yake kayar da tsoho. Awa 5 da rabin nan ita ce mafi sauƙi a duk tafiyar, kina zaune ana kawo miki abinci ga banɗaki kusa.

Zuwana na ƙarshe da yayata muka je, ita ma suga da hawan jini, na zauna na ƙirga daga sanda muka rufe ƙofar gida har sanda ta kwanta a gadon otal a Makka, awa 17. Jirgin 11:00 na dare ai ba 11:00 za ku je ba, tun wajen Magariba ko bayanta kaɗan za ku kasance a iyafot saboda layin awon kaya da na fasfo da bincike, ga 'yan rakiya ga masu ba da saƙo, sannan aka yi mana dile na awa 2 ba wanda ya fito ya ce mana ci kanku. In kuma tafiyarku ta faɗo lokacin hazo, Disamba zuwa Fabrairu, to sai addu'a, dan na taɓa kwana a kan benci saboda jirgin da zai ɗebe mu ya kasa sauka Kano ƙura ta rufe gari. Kun sauka Jidda kuma ba fita za ku yi nan take ba, akwai layin imigireshan a ɗauki hoton yatsu da na fuska, a jira jaka, mu dai awa 2 muka yi, sannan mota zuwa Makka kusan kilomita 100 daga iyafot ɗin, awa 1 da rabi in hanya ta yi kyau. Akwai jirgin ƙasa na Haramain da tasharsa ke cikin sabon ginin iyafot ɗin, bai kai awa 1 ba yake kai mutum Makka, yana da daɗi gsky amma ba sa son tulin kaya irin namu kuma in kun sauka sai kun sake neman tasi zuwa masauki, tunda ƙaninki zai zo ku bi mota kawai. Ki ce masa 6:30 ne saukar amma kar ya sa ran ganin fuskarku kafin 8:00.

To ki shirya wa Inna kamar tafiyar wuni da kwana. Maganinta duka a jakar hannu, kar ki kuskura ki sa a babbar jaka da za a auna, in allura take yi ki karɓo takardar likita ki riƙe. Ki je wurin likitanta tun yanzu da tikitin a hannu ki nuna masa, ki ce ga lokacin tashi ga na sauka ga bambancin awa 2, shi zai tsara miki yadda za ta sha, kar ki bi ta bakin kowa a nan har ni. Ki sa dabino da biskit da ɗan abin da ta saba ci a jaka saboda abincin jirgi ba shi da tabbas ɗin lokaci, mai suga kuma ba a wasa da yunwarsa. Ki sa ejan ya nema mata keken marasa lafiya tun kafin ranar, a rubuta a tikitin, ba kuɗi ake biya ba, kuma wlh ko tana iya tafiya ki karɓa, dan iyafot ɗin Jidda tafiya ce mai zaman kanta, kuma masu keke ba sa bin dogon layi, ke ma 'yar rakiya sai ki ci arziƙi. Tsofaffinmu akwai kunya za ta ce ita lafiyarta ƙalau, kar ki biye mata. Kujera ki roƙa a ba ta ta bakin hanya ba ta taga ba, duk bayan awa 1 ko 2 ki tashe ta ku ɗan taka zuwa banɗaki ku dawo, ta riƙa motsa ƙafa tana shan ruwa, takalmi kuma mai sakewa. Ki ɗauko mata rigar sanyi da safa, cikin jirgi da dare sai ka ce Jos.

Sai abu 2 da mutane ke mantawa. Gabas za ku nufa, to asuba za ta tarye ku tun kuna sama, agogonki na gida yana nuna 3 da wani abu na dare za ki ga gari ya fara haske ta taga, ku yi alwala da wuri kafin layin banɗaki ya yi tsawo. Na biyu miƙati, tunda Jidda za ku sauka ku wuce Makka kai tsaye, yawancin mutane tun daga gida suke wanka su shirya, maza su ɗaura harami a iyafot ko a cikin jirgi, in an kusa sai a yi sanarwa a ɗauki niyya a fara talbiya. Wasu jiragen suna sanarwa wasu sai ka ji shiru, kuma malamai suna da magana a kan ko Jidda kanta za a iya ɗaukar harami a cikinta, dan haka ki tambayi malamin da kuka yarda da shi tun kuna gida, kar sai kuna sama ki fara tambayar na kusa da ke. Wanda ya fara ta Madina shi ba shi da wannan damuwar sai ranar da zai taho Makka ya tsaya a Zul Hulaifa.

Maganar Addis kuwa ki gaya wa maigidanki Hajiya ta ce a'a. Sauka 2 hawa 2 bincike 2 da mai ciwon gwiwa? Abin da za a rage a tikiti a kemis zai ƙare.

Ba_Damagare:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Damagaram. Kanawa ku dai akwai son jiki, awa 5 a cikin sanyi ana ba ku shinkafa da kaza shi ne har da taron shawara, hhh. Wasa nake Hajiya, a gaida Inna.

Mu nan da yawa in Umara ce ta Kano muke bi, saboda Zinder zuwa Kano bai wuce kilomita 240 ba ta Matamaye ko ta Magarya, amma Yamai sai ka yi kusan 900 a cikin kar wato bas, wuni guda cur, sannan daga Yamai zuwa Jidda kusan 4,000 ne a sama, ka ga ka yi yamma ne dan ka dawo gabas ka wuce ta saman gidanku. Agogonmu da naku ɗaya ne dan haka mu ma 2 ɗin nan muke cirewa.

Ni zan ɗan saɓa wa Hajiya ta Gwammaja kaɗan, da girmamawa. Tiransit ba dodo ba ne, na bi ta Addis sau 2 na bi ta Alƙahira sau 1, abin da za a duba shi ne tsawon jiran. In awa 2 zuwa 4 ne ni har na fi so, mutum ya miƙe ƙafa ya yi salla a ƙasa. Wanda bai kai awa 1 da rabi ba shi ne hatsari, in na farko ya makara na biyun ya tafi ya bar ka, wanda ya kai awa 9 ko 12 kuma azaba ne. Kuma nan ma tarkon agogon yana nan, Habasha agogonsu ɗaya da Saudiyya, suna gabanmu da 2, dan haka jiran ki lissafa shi daga saukar Addis zuwa tashin Addis kawai, duka biyun agogo ɗaya ne ba a cire komai. Addis kuma kan dutse take, sama da mita 2,300, da dare akwai sanyi na gaske. Amma dai gaskiya ga tsohuwa mai suga wadda ba ta taɓa fita ba, kuma 'yar rakiyar ma sabuwa ce, to na bi bayan Hajiya, a biya na kai tsayen.

Malam Abu Sadiq da ka ambaci Sudan sai ka tuna min kakana Allah ya jiƙansa. Shi ta ƙasa ya je, hanyar nan dai da jirgi ke bi ta samanta, Maiduguri, Fort Lamy da ake ce wa Njamena yanzu, Abeche, Janaina, Fashir, Ubayyid, Khartoum, har bakin ruwa a Sawakin sannan jirgin ruwa zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko ɗinki ko aikin auduga a tara a ƙara gaba. Shekara 7 ya yi kafin ya dawo, ya tarar an raba gadonsa an yi masa sadakar arba'in tuntuni, ƙaninsa da suka tafi tare shi bai ma dawo ba ya yi aure a can wajen Mai Wurno, har yau muna da dangi a Sudan masu jin Hausa, yaƙin nan ma ya tarwatsa wasunsu. Ni duk sanda na ga taswirar nan ta bayan kujera tana nuna ɗan jirgi yana tsallake ƙasa guda kafin in gama shan shayi sai in ji jikina ya yi sanyi.

Ɗan_Fagge:

Ba Damagare ai dole ku bi ta Kano, da can da dawaki kuka zo ba ku samu shiga ba yanzu kun dawo da fasfo, hhh. Allah ya jiƙan kaka, labarin nan ya taɓa ni wlh.

Maman_Ilham:

Kai jama'a na gode na gode, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Ɗan Fagge wlh da na sake lissafawa sai da na yi wa kaina dariya, kwana 3 ina fama da abin da awa 2 ce kawai. Malam Abu Sadiq na karanta wa kawu bayaninka ya ce yawwa, dama an daɗe ana ƙaryata shi a majalisa ana cewa barci ya yi ya ruɗe.

Mama ta Gwammaja na nuna wa maigida saƙonki, ya karanta ya yi shiru sannan ya ce to tunda manya sun sa baki, an bar maganar Addis, gobe zai cika kuɗin na kai tsayen. Na kira ejan kan maganar keken ya ce zai sa, na ce ya turo min shaida a rubuce dan na fara gane halinsa. Ranar Litinin za mu je wurin likita da tikitin. Inna dai da na yi mata maganar keke cewa ta yi ita da ta yi shekara 40 tana zuwa kasuwar Rimi a ƙafa ba wanda zai tura ta kamar kayan miya, muna nan muna lallaɓawa.

Saura tambaya 1 dan Allah, wayata za ta canza agogo da kanta in mun sauka ko sai na gyara? Dan na yi niyyar in bar agogon hannun Inna a kan na gida saboda magani, wayar kuma ta koma na can.

Abu_Sadiq:

In kin bar saitin lokaci a kan otomatik, da zarar ta kama sabis ɗin can za ta gyara kanta, in ba ta kama ba ki kashe ki kunna. Dabarar agogon hannun tana da kyau, sai dai ki tambayi likita ranar Litinin ɗin zuwa kwana nawa za ta ci gaba da bin na gida kafin ta koma na can, kuma ki gaya wa Inna da bakinki cewa agogon nata na magani ne kawai, kar ta duba shi ta ce Azahar da saura alhali an tayar a Harami.